Gorar Yawu da Kofin Shayi

Yanzu idan ka shiga kasuwar Shahe da ke birnin Guangzhou na ƙasar Sin za ka tarar da masu shago da yawa sanye da takunkumi, al'adar da annoba ta bar musu. Ciniki ma ya koma cikin waya: ka yi mata magana da Turanci, ta juya maka zuwa Sinanci, ka miƙa wa mai shago ya karanta daga nesa. Ba wanda yake jin numfashin wani. Azumi kuma ya gangaro watannin da gari yake da sauƙi. A shekarun da zan ba da labari da kalkuleta ake ciniki, goshinka dab da goshin mai shago, a cikin shagon da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, azumi kuwa yana faɗowa ne a tsakiyar zafin Guangzhou.

Na yi azumi a Jidda, na yi a Alƙahira da Istanbul da Kwatano da Bankok. A Jidda garin ne gaba ɗaya yake azumi tare da kai, kowa bakinsa irin naka, ba mai tsargar wani. A Guangzhou kai kaɗai kake abinka a tsakiyar mutanen da kowannensu yake riƙe da gorar shayi, yana kurɓa yana lissafi. Zafinsu ma daban ne. Na Kano gasa mutum yake yi, na Guangzhou matse shi yake yi kamar wanki. Kafin azahar duk ruwan da ka sha da sahur ya koma cikin rigarka.

Ni kuma ina da wata ɗabi'a da na taso da ita. A gidanmu mai azumi ba ya haɗiye yawu. Kakata ce ta dasa mana wannan, kuma a tsakar gida mai ƙasa ba wani aiki ba ne, ka tofar ka tura turɓaya da ƙafa. Malamina na Kano ya gaya mini haɗiye yawun bakinka ba ya karya azumi, wani Bamisire ma ya taɓa yi mini dariya a kan haka. Na yarda da su, amma maƙogwarona ya ƙi. Da yake kasuwannin Guangzhou duk tayil ne, sai na riƙa yawo da 'yar gorar roba a cikin baƙar leda, in juya baya in tofa a ciki in mayar aljihu. Buroshi kuwa ba na kusantarsa daga asuba har magariba, don tsoron kada man goge bakin ya wuce ciki.

A lokacin na riga na miƙa wa 'ya'yana shagon Kano. Abin da ya rage mini a Guangzhou shi ne matsayi. Duk uban da zai turo ɗansa saro daga Kano ko Maraɗi ko Yamai, abu ɗaya yake gaya masa: in ka sauka ka nemi Alhaji. Ni nake tarbarsu a filin jirgin Baiyun, in kai su masauki, in zaga da su kasuwannin Shahe da Shisanhang, in nuna musu shagon da yake ɗinki mai kyau da wanda yake sauya kaya bayan an ɗaure dila. Ba biyana ake yi ba. Amma wannan neman da ake yi mini shi ne dalilin da nake tashi da safe in sa babbar riga a ƙasar da ba wanda ya san darajarta.

Akwai wani tafinta da muke aiki da shi, ɗan maƙwabcina na kasuwa a Kano. Karatu ya zo yi bai ƙarasa ba, amma ya fito da Sinanci mai kyau, kuma ni na fara haɗa shi da 'yan kasuwa saboda mahaifinsa. Ya tara gemu, ya ɗage wando, wani lokacin shi yake jan mu sallah a gidan da muke buɗa baki, har aka daina kiran sunansa, sai Ustazu. Ya san ina da kalmomin kasuwa irin na kowa: lawban, wato mai shago, da meyo, wato babu, da gaisuwa da godiya. Abin da bai sani ba, ina jin Sinanci fiye da haka nesa. Tun a Kwatano wani tsohon ɗan kasuwa ya hore ni da kada in taɓa nuna wa mai sayarwa ina jin yarensa, don in ji abin da yake gaya wa matarsa game da farashi. Na riƙe wannan a ko'ina, ban kuma taɓa faɗa wa kowa ba.

Wata rana bayan la'asar, a tsakiyar azumi, na kai wasu 'yan Maraɗi uku, 'ya'yan wani tsohon abokina, shagon wani lawban mai sayar da wandunan yara. Mutumin kirki ne, mun daɗe tare. Na sunkuya kan kalkuleta zan buga nawa farashin, na ce masa ya rage. Sai na ga ya ɗan ja baya, ya miƙa hannu ya juyo da fanka ta fuskance ni. Da a nan abin ya tsaya, da na tafi gida da 'yar kunyata, shi ke nan.

Sai Ustazu ya yi magana da Sinanci, fuskarsa a sake kamar mai yabon kaya. Ya ce wa lawban ya yi haƙuri, bakin tsohon nan tun safe ya mutu ba a binne shi ba, ya yi sauri ya sallama kafin wandunan su ɗauki warin. Ya ƙara da cewa akwai gora a aljihuna da nake tara abin a ciki, in lawban yana so a sayar masa. Lawban ya fashe da dariya. Wasu mata biyu masu ninke kaya a shagon suka rufe baki da hannu. Shi ma Ustazu ya yi ta dariya har ɗigon yawunsa ya faɗo a bayan hannuna.

Babban cikin 'yan Maraɗin ya tambayi abin da ake wa dariya.

"Ba komai," in ji Ustazu. "Lawban ne yake tambaya ko turaren Baba Alhaji a gora ake sayar da shi."

Suka dubi aljihuna, suka dubi juna, suka sunkuyar da kai kafaɗunsu suna rawa. Ni kuwa na tsaya da kalkuleta a hannu. In na mayar masa da martani, na tona sirrin da na riƙe shekara da shekaru. Kuma ko me zan faɗa, sai na buɗe bakin nan da ake wa dariya. Haka na bari aka gama ciniki, aka ɗaure kaya.

Kafin Sallah labari ya gama zaga mutanenmu. Na zama Alhaji mai gora. Ba wanda ya faɗa a gabana, amma wurin buɗa baki sai in ga gefena ba kowa har sai na ci dabino na kurkure baki. Wata rana na fito daga sallah na tarar da fakitin cingam a cikin takalmina. Malamai sun sha gaya mana darajar da warin bakin mai azumi yake da ita a wurin Allah, kuma duk waɗanda suke wannan wasa sun san haka, wasunsu ma bakinsu bai fi nawa ba. Amma an riga an samu wanda za a nuna.

Bayan Sallah baƙi suka fara sauka a Baiyun ban sani ba, sai dai in gan su a kasuwa a bayan Ustazu. Abokina na Maraɗi ya kira ni a waya, muka gaisa sosai, sannan ya ce ƙaramin ɗansa yana tafe, amma ya haɗa shi da yaron nan mai jin yaren, don kada a riƙa wahalar da ni da tsufa. Na yi masa godiya. Na san hanyoyin da ake rama irin wannan a ƙasar waje, na ga yadda ake kai ƙarar ɗan'uwa a kan takardun zama, a Jidda na gani, a nan ma na gani. Wannan ban yi ba, domin in 'yan sanda suka shigo gida ba mutum ɗaya suke ɗauka ba. Kuma ba korar Ustazu nake so a yi ba. So nake ya tsaya inda na tsaya, a shagon nan, a gaban mutanen nan, ya rasa abin faɗa.

Na fara da bakina. Na je wurin wata likitar haƙori, mace mai matsakaicin shekaru, ni kaɗai ba tafinta, kuma ita ce mutum ta farko a garin da na saki baki na yi wa Sinanci. Ta duba ta girgiza kai. Ta ce yawu shi ne ruwan wankin baki, shi yake kwashe datti yini guda ba tare da mutum ya sani ba. Mai azumi ba ya tauna ba ya sha, don haka yawunsa raguwa yake yi, ni kuma ɗan abin da ya rage ina zubarwa a gora. Ta ce wani ɓangaren warin na yunwa ne, kowane mai azumi yana da shi, amma mafi yawan nawa daga dasashi yake, ya daɗe da ruɓewa a ƙarƙashin haƙoran tauna. Ta cire biyu, ta kankare sauran. Ta ce in riƙa goge baki da harshe bayan sahur, in sha ruwa sosai tsakanin magariba da asuba, in rage shayi mai kauri, sannan in haɗiye abin da Allah ya ba ni.

Ina kan kujerar, da auduga a baki, na tambaye ta yadda bakin mutum yake kasancewa da yamma in ya yini bai sha komai ba a irin wannan zafi. Ta ce ai ni na fi ta sani: leɓe ya bushe, yawu ya yi kauri kamar ƙaro. Nan take na tuna ɗigon da ya faɗo a bayan hannuna. Tsinkakke ne kamar ruwan famfo. Na kuma tuna ƙamshin na'ana'a da yake fita daga bakin Ustazu bayan la'asar, wanda a da nake ɗauka na asuwaki ne.

Zato ne kawai, kuma ba a kama mutum da ɗigon yawu. Don haka na jira azumi ya zagayo. Wannan jiran ban ji nauyinsa ba ko kaɗan. Ina gaishe shi da fara'a, ina bin sa sallah, in ya yi wasa in yi dariya.

Da azumi ya kama, aikina biyu ne. Na farko koyon haɗiye yawu, wanda a kwanakin farko nake ji kamar ina aikata zunubi da gangan, har sai na yi istigfari bayan kowace haɗiya. A hankali maƙogwaro ya saba, kuma na ga bambanci: harshena ya daina mannewa, magana ta daina yi mini nauyi da yamma. Na biyu kallon Ustazu. Da sahur yana nan tare da mu, ya fi kowa cin tuwo. Da rana ta take sai ya ce zai leƙa sito ya duba kayan wani, ya ɓace, ya dawo fuska a wartsake yana tambayar mutane yaya ibada.

Masu shagon Shahe da yawa suna da sito a saman bene, kuma a nan suke ajiye tiren shayinsu da 'yan kofuna ƙanana. Wanda ya saba zuwa har kofinsa ake ware masa. Wata rana kafin azahar na je shagon lawban mai wanduna ni kaɗai, ina jujjuya kaya kamar mai neman sabon yayi. Ina tsaye ya ce wa ɗaya daga cikin matan ta yi odar abincin rana, kwano biyu, ɗaya daga gidan abincin Musulmi, na mai gemun nan, yanzu zai hau sama. Ya faɗa a gabana kamar yadda ake magana a gaban buhu. Na zaɓi wando ɗaya na duba ɗinkinsa.

Na bari sai da aka shiga goman ƙarshe, lokacin da kasuwa take cika da masu saron kayan Sallah na ƙarshe da za a tura ta jirgi. 'Yan Maraɗin nan uku sun dawo. Akwai kuma wani dattijo ɗan Kano, sa'ana, wanda in ya ji magana da azahar, kafin magariba ta isa Kantin Kwari. Na gayyace su duka su raka ni, na kuma roƙi Ustazu da ƙanƙan da kai ya zo ya taimaka mini, na ce kaya masu yawa zan saya kuma kunnena ya fara nauyi. Ya ce ai Baba ko ba ka roƙa ba.

Bayan la'asar muka tsaya a shagon, kowa kusan inda ya tsaya bara. Na sunkuya kan kalkuleta, na matsa sosai da gangan. Lawban bai ja baya ba, fanka ma ba a taɓa ta ba. Ustazu ya lura, sai ya ce masa da Sinanci da alama bana an yi wa gawar sutura. Lawban ya murmusa.

Na ajiye kalkuleta. Na dubi lawban na ce masa da Sinanci, a hankali, kalma bayan kalma: "Lawban, shayin da ɗan nan nawa ya sha a wurinka yau da rana, ja ne ko kore? Ina so in saya in kai gida."

Mutumin ya buɗe baki. Ya tafa hannu, ya kira matan su zo su ji, ya ce ashe tsoho ya iya magana haka, tun yaushe. Shi bai san akwai wani abin ɓoyewa a shan shayi ba, don haka ya amsa da murna. Ya ce ja ne, mai kauri yake so, kullum sai ya sha bayan ya ci shinkafarsa, yau ma da naman sa ya ci. Har ya tura ɗaya daga cikin matan ta hau sama, ta sauko da gwangwanin ganyen da wani ɗan kofi mai ruwan ƙasa, ya ɗaga shi ya nuna Ustazu ya ce wannan nasa ne, ba mai taɓawa.

Dattijon Kano ya dube ni, ya dubi kofin. Ya ce, "Alhaji, dama kana jin yaren nan? Me yake cewa?"

"Ga tafinta nan," na ce. "Ustazu, fassara musu."

Ya ce maganar shayi ce kawai. Muryarsa ta yi ƙasa, ya lashi leɓe.

"Shayin wa? Da wane lokaci? Fassara musu duka, ɗana, aikinka ne. Bara ai ba ka rage komai ba."

Na ba shi lokaci, na tsaya ina kallonsa yadda ya kamata, don na daɗe ina jiran wannan fuskar. Sannan na fassara da kaina, tun daga jan shayi har naman sa, ban ƙara ba ban rage ba. Na sake maimaita wa 'yan Maraɗin da Faransanci, ba don ba su ji Hausar ba, sai don in ji daɗinta sau biyu. Ba wanda ya yi dariya. Ƙaramin cikinsu, wanda jiya-jiya ya bi Ustazu sallar asham, ya yi salati a hankali.

Na sa hannu a aljihu na fito da baƙar ledar. Gorar ce ta bara, na wanke ta tas na adana. Na kama hannun Ustazu na danƙa masa.

"Riƙe wannan, ni na gama da ita. Ka riƙa zuba ruwa a ciki, ka huta da hawa bene."

Sai a lokacin lawban ya gane wani abu ya faru, ya kuma gane cewa abin da aka faɗa bara na ji shi. Kunnuwansa suka yi ja. Ya tura mini gwangwanin shayin da hannu biyu ya ce kyauta ne. Na karɓa na yi godiya, na kuma sayi wandunan, don da gaske ina bukatarsu.

Ustazu bai zo buɗa baki ba ran nan, bai kuma sake zuwa ba. Malamin da yake mana tafsiri a gidan ya ja ni gefe bayan magariba ya yi mini faɗa. Ya ce suturta Musulmi wajibi ne, da na kira shi ni da shi na yi masa nasiha, kuma an ce yaron yana fama da gyambon ciki, wataƙila da uzurinsa. Na saurare shi har ya gama, don ya fi ni ilimi kuma abin da ya faɗa haka yake a littafi. Na ce masa in gyambon ciki ne Allah ya ba shi lafiya, ba wanda zai zargi marar lafiya don ya sha ruwa. Amma wanda ya jiƙa maƙoshinsa da rana, ko da uzuri ko babu, ba shi ne zai tsaya a kasuwa ya sayar wa baƙi da bakin mai azumi abin dariya ba. Malam ya ce in nemi gafarar Allah. Na ce ina nema kullum, amma a kan wannan ban ji nadama ba tukuna, kuma ba zan yi masa ƙarya a cikin watan azumi ba.

Har yau ban ji nadamar ba. Mahaifin Ustazu in mun haɗu a Kano muna gaisawa a tsaye, ba ya tambayata iyali. Shi kuma yaron ya bar aikin tafinta, yana can wajen Baiyun a wani kamfanin jigilar kaya yana auna kwalaye, na taɓa hango shi daga cikin mota, ya rage gemun. Abokina na Maraɗi ya sake kira kafin babbar Sallah ya ce jikansa yana tafe, in taimaka in tarbe shi. Baƙi sun koma nemana kamar da, sai dai yanzu kowa yana tauna maganarsa a gabana, da kowane yare, har masu shagon. Haƙorana biyu sun tafi, sirrin Sinancina ya tafi, kuma tun daga wannan shekarar ban sake tofar da yawu da azumi ba.